Buhu Mai Hula

Maigidana ya rasu bara, bayan ƙaramar salla. Tun da na fita takaba mutane ke tambayata wane irin mutum ne shi a cikin gida, don a waje sun san shi da jakar rataye da ɗaga murya. Ba ni da amsa guda. Abin da na fi iya ba su shi ne labarin buhu mai hula, don da ni aka yi shi, kuma in ina ba da shi nakan yi dariya, abin da ba ya zo mini da sauƙi yanzu.

Kwamared kowa ke ce masa a Daura, har limamin unguwarmu. Ƙuruciyarsa a wata masaƙa ya yi ta a Kaduna. Can ya shiga ƙungiyar ma'aikata, can aka taɓa kulle shi, can kuma ya koyo abin da mutane ke kira gurguzu. Da masaƙar ta mutu ya dawo gida da akwatin littattafai, da tarin da bai taɓa rabuwa da shi ba, da hoton wani Bature mai tulin gemu. Ranar da Innata ta fara zuwa ɗakina bayan biki, ta tsaya gaban hoton ta ce, "Wannan shehin na wace ƙasa ne?"

Ya ce, "Malamin talakawa ne, Inna."

Ta ce, "Allah ya jiƙan malam," ta wuce.

Kafin auren an kai mata maganganu iri-iri. Wai 'yan gurguzu ba sa salla, wai ba su san nawa ba sai namu, har tukunyar mutum sai su rabar wa unguwa. Salla dai yana yi, a sahun gaba ma. Maganar tukunya kuwa da ƙamshin gaskiya a ciki, don ban taɓa ɗora girki na san bakin da zai ci ba. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, amma rabin wuninsa a zaure yake ƙarewa tare da 'yan ga-ruwa da 'yan acaɓa, yana koya musu yadda ake haɗa kai. Yakan wanke kwanuka a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta katanga. Yakan ce mini Kwamared uwargida, ni kuma in ce ya bar ni a uwargidan kawai, ta ishe ni.

Cikin duk mutanensa ya fi son 'yan dako na wata kasuwar hatsi da ke kan hanyar Mai'adua, kusa da iyaka, wadda ke ci sau ɗaya a mako. Su ke loda gero da dawa da wake a manyan motoci. Mutum ya sa buhu a baya, ya hau wani dogon katako da aka jingina da motar, ya jefa shi ciki, ya sauko ya ɗauki wani. Da yake kowane buhu ake biya wa lada, a wurin ɗan dako da wurin mai mota, sai 'yan kasuwa suka fito da dabara: a yanko wani tsohon buhu a ɗinka shi a bakin wanda ya riga ya cika, a ƙara ɗura hatsi har ya yi tozo. Shi ne 'yan dako ke kira mai hula. Sunansa buhu ɗaya, nauyinsa ya kusa ɗaya da rabi.

Babban 'yan hatsin kasuwar kuwa kawuna ne, ƙanin Innata. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi mini kayan ɗaki. Kwamared, wanda na sha ji yana yi wa manyan ma'aikata tsawa, in muka je gidan Kawu tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa. In mun dawo ya ce, "Kawunki ɗan jari-hujja ne na ƙarshe. Amma surukina ne, ya zan yi?"

Farkon wata damina, wani ɗan dako mutumin wajen Mashi yana tsakiyar katako da mai hula a bayansa sai bayan ya ƙi. Ya faɗo, buhun ya bi shi. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida kwance. Ga mata, ga 'ya'ya ƙanana, ga gona an yi shuka ba mai nomewa. Kwamared ya je dubiya, ya dawo bai ci tuwo ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba wanda zai sake hawa katakon nan da mai hula, in dai ina numfashi."

Aka yi ta taro a zaurenmu. Sarkin dako, wani gajeren tsoho mai kaurin wuya da bakinsa ba ya rabuwa da goro, shi ya tattaro mutanensa. Aka tsayar da magana: ranar kasuwa mai zuwa yajin aiki. Kowa ya je, amma a zauna ƙarƙashin darbejiyar bakin tasha, kada wanda ya taɓa buhu sai an cire hula. Har rantsuwa aka yi.

Ranar ban je ba. Da la'asar sai ga Kwamared ya shigo, Sarkin dako na biye da shi. Na lura da ƙaiƙayin gero a kafaɗar rigar Kwamared. Na shimfiɗa musu tabarma na kawo ruwa.

Sarkin dako ya ce, "Uwargida, yau mun yi yajin aikin da ba a taɓa yin irinsa ba tun da aka kafa Daura."

Na ce, "Madalla. An cire hular?"

"Ina fa. Zauna ki ji."

Ya ce da safe sun zauna kamar yadda aka shirya, kowa ya murtuke fuska, suna jiran a zo da faɗa. Ba wanda ya zo da faɗa. Wani Alhaji ne ya fara zuwa, ya yi sallama, ya tambayi kowa iyali, ya fasa goro ya raba. Sannan ya dubi ɗaya daga cikinsu ya ce, don girman Allah ya taimaka ya ɗora masa 'yan buhunan nan, direba na jira. To Alhajin nan shi ya ba mutumin ragon suna bara. Ya zai ce a'a? Na biyu da ya zo ɗan malamin da ya koya wa rabinsu karatu ne. Na uku surukin wani ne. Haka aka yi ta zarar su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "To rantsuwar fa?"

Ya ce, "Ai ba mu karya ta ba. Duk wanda ya miƙo lada sai mu ce, a'a Alhaji, mayar da kuɗinka, mu yaji muke yi. Kafin azahar mun lode kasuwa kaf, kyauta. Har wani direba ke tambaya ko mako mai zuwa ma za mu yi yajin."

Na dubi Kwamared. Ya ƙura wa kofin ruwa ido.

"Shi kuma yana ina ake wannan?"

"Yana kan benci yana mana huɗuba a kan gumin talaka. Sai ga Alhaji kawunki. Ko kallon bencin bai yi ba. Ya ce, Malam, zo kama mini bakin buhun nan."

"Ya kama?"

"Har da cire takalmi."

Na tashi na shige madafa, don dariyar ta fi ƙarfina. Sarkin dako na nan yana tasa har da tari. Sai na ji muryar Kwamared, ba da ƙarfi ba: "Ku yi ta dariya. Mutum dai na can kwance." Daga nan ba wanda ya sake.

Kwanakin da suka biyo baya zauren ya yi shiru. 'Yan dako sun yi wunin banza sun koma gida hannu wofi, wasu suna cewa ƙungiyar Kwamared ba ta haifar da komai sai ciwon baya kyauta. Shi kansa ya san in ya sake kira abin ya sake rushewa, ba mai ƙara amsa masa, hula kuma ta zauna ke nan. Ya buɗe wannan littafi ya rufe, ya buɗe wancan. Ko kwanukan ya daina wankewa.

Sai Sarkin dako ya zo da saƙo daga matar mutumin Mashi, cewa ciyawa ta kusa cinye geron gonarsu. Ina bayan labule ina tsince shinkafa, ina jin su. Kwamared ya ce to a kira gayya, a je a nome masa. Sarkin dako ya ce daidai ne, wace rana? Kwamared ya ce, "Ranar kasuwa."

Na ji tsohon ya daina tauna goro.

Kwamared ya ce, "Wa zai zargi mutum don ya je gayyar mara lafiya? Kuma wanda bai gan ka ba, ta ina zai haɗa ka da Allah?"

"To wa zai ciyar? Mai gona ne ke ciyar da gayya, shi kuwa ka san halin da yake ciki."

"Ƙungiya za ta ciyar."

Ni na san in maganar tukunya ce, ƙungiya ni ce. Kowa ya kawo ɗan abin da ya samu, matan 'yan dako suka zo muka yi ta surfe da daka, amma na duba na ga ba zai kai ba. Sai na yafa mayafi na tafi gidan Kawu. Na ce masa gayya za a yi wa wani mara lafiya, abinci ya gaza. Ya ce wannan aikin lada ne, ya sa aka auno mini gero mai yawa, har da kuka da daddawa daga wurin matarsa. Bai tambayi rana ba, ni kuma ban faɗa ba.

Ranar da sassafe muka ɗora tukwane a wata a-kori-kura ta aro, mu mata muka hau baya. Maza suka biyo a babura, har da makaɗi da gangarsa. Gonar jigawa ce a bayan ƙauyen, geron ya kai gwiwa amma sai ka duba da kyau kafin ka gane shi cikin ciyawa. Aka ɗauko mai gonar a kan tabarma aka ajiye shi a inuwar wata kanya, don ya ce ba za a yi masa noma yana ɗaki ba.

Kafin a fara, Kwamared ya ari wata tukunyata da ba komai a ciki, ya bi kowa ya karɓi wayarsa, ya zuba ya rufe da murfi. Tun hantsi tukunyar nan ta fara kuka. Wannan ta yi ƙara ta yi shiru, waccan ta ɗauka, wata da karatu, wata da kiɗa. Matar mai gonar ta ce in matsar da ita nesa da fura kada ta tsinka mana ita.

Mutanen da suka saba da buhu, fartanya wasa ce a hannunsu. Ganga na tashi, suka jeru, ƙasa na juyawa. Kwamared ma ya karɓi fartanya ya shiga layi. Shi kuwa mutumin inji ne, rabonsa da gona tun yana yaro. Bai yi nisa ba Sarkin dako ya daka masa kira.

"Kwamared! Wannan da ka sare gero ne!"

"Ciyawa ce."

"Gero ne, wallahi. Shi ba ɗan jari-hujja ba ne, ka bar shi ya rayu."

Aka karɓe fartanyar aka ba shi aikin kai wa mutane ruwan sha. Ya yi ta yawo da buta yana gaya wa duk wanda ya tsaya sha cewa wannan da suke yi shi ne ainihin abin da ke cikin littattafansa. Wani ya ce, "To da ka faɗa mana tun farko gayya ce, ai da ba a sha wahala ba."

Bayan an yi azahar an ci tuwo, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Kowa ya gani, kowa kuma ya san abin da ke zube a filin kasuwa ba rufi. Ba a daɗe ba muka hango babur yana tahowa cikin rairayi yana tangaɗi, a bayansa Kawu, ya tattare babbar riga a cinya.

Ban san da me ya zo a bakinsa ba, don bai samu faɗa ba. Makaɗin nan da ya ga babban mutum ya sauka a gonar gayya, sai ya juya ganga kansa, ya shiga yi masa kirari, wai ga Alhaji uban marasa lafiya ya baro kasuwa ya zo taya talaka noma. Maza suka ɗauki sowa. Wani ya ruga ya miƙa masa fartanya. Kawu ya dubi fartanyar, ya dubi jama'a. Ya naɗe hannun riga ya sunkuya ya yi 'yan sara, kuma ba laifi, ya fi Kwamared iyawa.

Da ya ɗago sai muka haɗa ido. Na kawo masa fura a kwanon sha, na durƙusa.

"Ke ma da ke a ciki?"

"Ni abinci na kawo, Kawu."

Ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa. "Wannan ba gerona ba ne?"

"Allah ya ba da lada, Kawu."

Sarkin dako ya matso ya ce, "Alhaji, tunda ka zo, ga mai gonar can, a gaisa."

Tun da abin ya faru Kawu bai gan shi ba. Ya aika da abin dubiya, amma bai je ba. Muka bi shi zuwa gindin kanyar. Mutumin da ya hango Alhaji sai ya dafa ƙasa zai tashi ya gaishe shi yadda ya saba. Ya yunƙura, jikin ya ƙi. Ya sake yunƙurawa.

Kawu ya ce, "Kwanta, kwanta, don Allah kwanta." Shi ya tsuguna. "Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Alhaji."

Kawu ya dubi ƙafafun nan da suka sha hawa katako da kayansa, sun zama kamar sillen kara. Ganga ta yi shiru. Ba abin da ake ji sai tukunyar wayoyi can gefe.

Sai ga Kwamared. Ya ajiye buta, ya tuɓe takalmi, cikin ƙarangiya, ya durƙusa. Na ce a raina shi ke nan, yau ma bakin buhu za a kama. Idonsa na ƙasa, muryarsa kuma ba irin ta kan benci ba ce.

"Baba, ba ƙarin lada muke nema ba. Hular nan muke so a cire. Ita ta kwantar da shi."

Kawu ya dubi gabas, inda gari ya yi baƙi. Ya ce, "Ni kaɗai ba ni ne kasuwa ba."

Sarkin dako ya ce, "Alhaji, in kai ka cire, wa zai ɗinka?"

Iska ta fara kaɗa ganyen gero. Kawu ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"A farke su. Nawa, da na duk mai jin maganata. Wanda ya ƙi, ku bar masa kayansa ruwa ya yi masa lodi." Ya dubi mazan da ke tsaye da fartanyu. "To ku tashi mana!"

Ba wanda ya motsa. Ba a barin gayya sai mai gona ya sallama, kuma da sauran wata kusurwa ba a nome ba. Duk aka juya ana kallon mutumin da ke kan tabarma, har da Kawu. Ina jin tun da aka haife shi ba a taɓa tsayawa jiran maganarsa haka ba. Ya ɗan ja lokaci, ban ga laifinsa ba. Sannan ya ce, "Ku je, kada abincin mutane ya jiƙe. Na gode. Allah ya bar zumunci."

Nan aka yi kan tukunya, kowa na laluben wayarsa, wannan ya ɗauki ta wancan. Babura suka tashi. Kawu zai hau nasa ya waiwayo ya ce wa Kwamared, "Kai kuma sa takalminka, ƙaya ta ishe ka."

Kwamared bai bi su ba. Ya ce shi zai ƙarasa kusurwar. Ni da matar mai gonar muka ɗauki fartanyu muka sa shi a tsakiya don mu riƙa tsare geron. Ruwan ya same mu a nan. A hanyar dawowa, muna jiƙe a bayan mota tsakanin tukwane, ya yi ta ƙorafi wai ba haka ake cin nasarar yajin aiki ba, a duk abin da ya karanta ba inda aka ce a zo da makaɗi. Na ce to ya mayar musu da nasarar. Ya yi dariya har tarin ya taso masa.

An ce sun isa kasuwa ana yayyafi, wasu buhunan sun jiƙe, mafi yawa sun tsira. Wasu 'yan kasuwar sun yi taurin kai na 'yan makonni, amma da yake babbansu ya cire, ɗan dako ya samu abin faɗa in an haɗa shi da Allah: Alhaji ya hana. Kawu bai sake yi mana magana ba sai da kaka, ranar da ya aiko a gyara keken ɗinkin matarsa.

Mutumin Mashi bai ƙara ɗaukar kaya ba. Ya tashi dai, da sanda. Kawu ya ba shi wuri a rumfarsa, shi ke ɗinke bakin buhuna da basilla, daga baya sauran ma suka riƙa kawo masa nasu.

Da Kwamared ya rasu, an kawo mutumin Mashi gaisuwa a bayan babur. Ya daɗe zaune a zaure. Da zai tafi ya matso bakin ƙofa, muka gaisa ta bayan labule. Ya yi addu'a, na amsa. Sannan ya ce, "Uwargida, basillar dai tana hannuna, ba zan ɗinka hula ba."

Kawu ya tsufa yanzu, 'ya'yansa ke kasuwar, kuma ina jin suna kukan tsadar mota. Ban san iya lokacin da abin zai ɗore ba. Makon jiya wani ɗan dako ya kawo mini itace, na tambaye shi. Ya ce har yanzu dai ba hula.